Sandal mai maƙalewa a fedar keke: yadda za ka gane wanda ya yi maka daidai

Assalamu alaikum, mahaya keke. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a watan Afrilu da takalmi sau-ciki ya san yadda ƙafa ke dahuwa. Shi ya sa na ɗauko muku wannan sandal ɗin. Iska na shiga, ga sauƙin cirewa in za ka yi alwala a hanya.

Bari in kifa shi ku gani. Ƙasansa na da tauri, kuma ga rami da aka ɗaure ɗan ƙarfe da kusoshi biyu. Shi ne ke shiga bakin wata feda ta musamman ya ce ƙas, ya riƙe. Tsarin kamfanin Shimano na Japan ne, sunansa SPD, tun 1990 ya fito. Akwai wani tsarin mai kusa uku, irin na kamfanin Look na Faransa, amma wannan na takalman tsere ne, ba ya hawa sandal. Da yake ƙarfen SPD yana lume cikin rami, kana iya sauka ka taka zuwa shago lafiya lau.

To ga inda mutane ke asarar kuɗinsu. Mun saba in za mu sayi sandal mu ɗauki mai ɗan girma, don ƙafa ta sake. A nan wannan ɗabi'ar kayar da mutum take. Ba a cire ƙafa daga wannan fedar sai an murɗa diddige waje. Idan sandal ya yi maka yawa, ƙafar ce za ta juya a cikinsa, shi kuwa yana nan maƙale. Ka zo shatale-tale, mai mashin ya sha gabanka, ka ja birki, ƙafa ta ƙi fita. Abin da nake jiye muku ke nan. Sau-ciki yana rungume ƙafa ta ko'ina, sandal kuwa maɗaurai kaɗai gare shi.

Don haka ka auna ƙafarka da yamma, lokacin da ta ɗan kumbura. Taka takarda kana tsaye, a zana maka, ka auna daga diddige zuwa yatsa mafi tsawo da santimita. Duka biyun, domin sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya. Lamba 43 ta wani kamfani ba lalle ta zo ɗaya da ta wani ba, saboda haka tsawon za ka ba wanda zai yi maka oda. In kana sa safa da hunturu saboda faso, ka gwada da ita.

In ya zo hannu, ɗaure shi, ka sa wani ya danne ƙasansa, ka murɗa diddige. Ya motsa a ciki? Bai yi ba. Yatsu kuma kada su leƙo gaba, akwai dutse da kututture a hanyar gona. Na gwanjo kuwa, ka fara duba ramukan kusar, in sun cinye ka bar shi.

Wajen ɗaura ƙarfen, ya zauna daidai tudun gindin babban yatsa, ko ɗan baya kaɗan. In gwiwa ta fara ciwo, wataƙila ya karkace ne, a sassauta a gyara. Sabon shiga ya nemi ƙarfe mai lamba SH56, ya fi SH51 sauƙin saki. Mai gyaran keke kuma ya sassauta maka ɗan sukurun da ke jikin feda, mai daidaita ƙarfin riƙonta.

Yashinmu yana cika bakin feda, ka riƙa kakkaɓewa da tsohon buroshi. Kafin ka hau titi, jingina da bango a tsakar gida, ka maƙala ka cire, dama da hagu, har sai ƙafar ta iya ba tare da ka kalle ta ba.