Commodore 64 ta ƙi tashi, bari mu ga inda ciwon yake

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Jamus. Wannan da kuke gani a kan tebur Commodore 64 ce, kwamfutar da ta fito a 1982. A kasuwar gwanjo na same ta, mai ita ya ce tun yana yaro take ajiye a ɗakin shirgi. Jamusawa sun yi yayinta sosai, har masana'antar haɗa ta aka yi a garin Braunschweig, shi ya sa ba ta wuyar samu a nan.

To ku kalli wannan baƙin dunƙulen, shi ne mai ba ta wuta. Don Allah duk wanda ya sayi irinta kada ya yi garajen jona shi. Wuta iri biyu yake fitarwa, bolt 5 da bolt 9, kuma idan ya tsufa bolt 5 ɗin kan haura ya soya aisin ma'adana, wato ƙananan na'urorin IC da kwamfutar ke ajiye bayanai a ciki tana aiki. Gyaransa ma wahala ne, don an cika cikinsa da wani ƙaro mai tauri kamar dutse. Bari in ɗora mita. Kun gani? Ya kusa 6. Wannan ya gama aiki, sabo zan sa mata.

Na kunna. Jar fitila ta kama, amma allo baƙi ƙirin. A nan ne mutane suke asarar kuɗi: kowa sai ya ce PLA ce, aisin da ke tsara hanyoyin shiga ma'adana, a je a sayo. Gaskiya ne tana yawan mutuwa, amma ni ba na sayen kaya da zato. Na fara zare SID, aisin sauti, tunda a soket yake kuma kwamfutar tana tashi ko babu shi. Shiru. To ba shi ba ne, alhamdu lillahi, don na asali ya yi tsada yanzu.

Yanzu sai gwajin yatsa. Ga aisin ma'adana nan guda takwas a jere, samfurin 4164, kowanne yana riƙe da bit ɗaya, wato ƙwayar bayani ɗaya, daga cikin takwas. Ɗaya ya lalace, duka aiki ya tsaya. Ina taɓa su a hankali… wannan ɗumi-ɗumi, wannan ma haka… kai! Wannan ƙuna yake. Duk da haka bari in tabbatar da katirijin Dead Test, wanda ake zura wa kwamfutar da ta ƙi tashi don a gano matsalarta. Ku lura da yadda allo ke walƙiya da fari: yawan walƙiyar ne ke nuna aisin da ya mutu. Shi ɗin dai ya nuna.

Wajen cirewa, tunda mushe ne ba na lallaɓa shi. Na datse ƙafafunsa 16 da filaya, sannan ina zare su ɗaya-ɗaya da ƙarfen liƙi, ina zuƙe dalmar. Fanel ɗin nake ji wa, domin zafi ya yi yawa layin tagulla sai ya ɗago, kuma wannan aikin ya fi na farko ciwon kai. Soket zan dasa a wurin, ko gaba ta sake sai dai a zare a sa wani.

Bismillah, mu kunna. Ga shuɗin allo nan! Ku duba lambar da ke nuna yawan ma'adanar da za a iya amfani da ita: 38911. Ita ake so a gani, ma'adana ta dawo daidai ke nan. Saura in mayar da SID in ji ko wutar nan ta bar shi da rai, sannan maɓallin RETURN yana maƙalewa, sai na kwance allon rubutun na wanke shi.