Kwanon maƙwabci da kwalin kanti: ina kyautar Kirsimeti ta dosa?

Wannan lacca ce da wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ta gabatar a taron iyaye a farfajiyar wata majami'a a Yamai, cikin watan Disamba. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Iyayena da ƴan'uwana, barkanmu da yamma. Ina gaida Baba Fasto da dattawan ikkilisiya, ina gaida shugabannin zumuntar mata. Gaisuwa ta musamman ga maƙwabtanmu Musulmi da suka amsa gayyata, suka zo suka zauna tare da mu cikin wannan sanyi. Allah ya bar zumunci.

Yaron da ya kawo mini saƙon gayyata cewa ya yi, "Mama, ki zo ki faɗa musu kasuwa ta cinye mana biki." Zan faɗi abin da ya yi kama da haka, amma ba zan tsaya nan ba, domin zuciyata biyu take a kan wannan al'amari, kuma gara ku ji duka biyun.

Ku zaga garin nan a wannan mako. Duk shataletalen da motoci ke tsayawa, samari na bin tagogi da jajayen huluna masu farin baki, da ƙananan itatuwan roba, da igiyoyin fitilu masu ƙyaftawa. A Babbar Kasuwa an jibge motocin wasa da ƴan tsana. Manyan kantuna sun kafa icce a bakin ƙofa, an yayyafa masa auduga a madadin dusar ƙanƙara, a garin da ba abin da ke sauko mana a Disamba sai ƙurar hunturu. To, mu Kiristocin Nijar ba mu kai ko biyu cikin ɗari na jama'ar ƙasa ba. Wa ke sayen wannan kaya duka? Kowa. Makarantu masu zaman kansu na shirya bikin iccen Nowel, wato iccen Kirsimeti, ma'aikatu na shirya wa ƴaƴan ma'aikatansu, kuma mafi yawan yaran da ke zuwa ƴaƴan Musulmi ne. Shi ya sa na ji daɗin ganin maƙwabta a nan. Maganar ta fita daga majami'a, ta shiga aljihun kowane uba.

Dattijon nan mai jar riga da farin gemu, wanda ake kira Papa Nowel, yana da asali, kuma asalin mai kyau ne. A ƙarni na 4 an yi wani bishop mai suna Nikolas a garin Mira, cikin ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Labarin da aka gada a kansa shi ne, akwai wani talaka mai ƴaƴa mata uku, sun isa aure amma ba shi da abin yi musu kayan ɗaki. Sai Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙullin zinariya ta taga, ya wuce, don kada uban ya san wanda ya ba shi balle ya ji kunya. Ku riƙe wannan: kyautar ta tafi gidan da ake bukata, kuma ta tafi a ɓoye.

Mutanen Holan ne suka kai sunansa Amurka, can marubuta da masu zane suka yi ta sake masa kama. Daga 1931 kamfanin Coca-Cola ya shiga sa hotonsa a tallarsa ta kowace shekara, da zanen wani mutum mai suna Haddon Sundblom. Ba su suka ƙirƙiro shi ba, amma tallarsu ta taimaka ƙwarai wajen kafa wannan siffa a idon duniya. A 1939 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya matso da ranar bikinsu na godiya baya da mako guda, saboda ƴan kasuwa sun roƙi a tsawaita musu lokacin cinikin Kirsimeti. Yau kuma kaso mai yawa na kayan adon nan daga wani gari suke fitowa a ƙasar Sin, sunansa Yiwu. Daga can su hau jirgin ruwa, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 sai su zagayo ta Lome da Burkina kafin su iso mu, kowace tasha da nata ƙarin kuɗi. Wannan doguwar hanya ita ce ke cikin farashin hular da yaro ke miƙo miki ta taga.

Ba mu ne muka fara damuwa ba. A Faransa, a garin Dijon, ranar 23 ga Disamba 1951, an rataye mutum-mutumin Papa Nowel a gaban babbar majami'a aka cinna masa wuta a gaban yara, don malaman addini na ganin ya ƙwace wa Almasihu ranarsa. Ku duba yau ku gani ko wutar ta rage masa kasuwa.

Ni ba zan ƙona kowa ba, kuma ga dalili. Saurayin nan na shataletale ɗan ci-rani ne, an gama girbi ya baro ƙauye, abin da ya samu a hulunan nan shi zai aika wa tsohuwarsa. Telan unguwarmu Musulmi ne, a Disamba yake kwana a kan keke yana ɗinka ankon zumuntar mata, da kuɗin yake biyan haya. Mai kaji da zabi, mai kitso, mai lalle, mai niƙa, duk suna jiran wannan wata kamar yadda suke jiran Sallah. Biki ba ya yiwuwa sai da kasuwa, tun kakanninmu haka yake. Sannan na koyar da yara shekaru masu yawa, na san fuskar yaron da aka miƙa wa abu sabo aka ce nasa ne shi kaɗai. Wanda ya ce wannan murna ba komai ba ce, bai zauna da yara ba. Saboda haka in kun ga na saya wa jikata ƴar tsana, kada ku ce Mama ta saɓa maganarta.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Kyautar ce ta sake hanya.

Na tashi a wani ƙauye a gefen Galmi, cikin jihar Tawa, inda ƴan mishan suka buɗe asibiti a 1950. Kirsimetinmu yana zuwa ne bayan hatsi ya shiga rumbu, albasa na lambu. Tun asuba mahaifiyata ke ɗora babbar tukunya, shinkafa da miyar zabi, abincin da ba mu gani sai shekara-shekara. Kafin ɗayanmu ya sa loma, sai ta jera kwanoni a tsakar gida, ta zuba, ta rufe kowanne da faifai, tana kiran suna: wannan na gidan liman, wannan na gidan mai gari, wannan na tsohuwar nan da ba ta da kowa, a ƙara mata nama. Mu yara mu ɗauka a ka, cikin sababbin kayanmu, muna bi gida gida. A kowane zaure sai mun durƙusa mun gaida mai gida, a juye abincin, a wanke kwanon, a jefa mana dala ko ɗan dabino a ciki tukwici. Ran Babbar Sallah kuma hanyar nan dai ake biyowa da naman layya zuwa ƙofarmu. Ba wanda ya taɓa naɗe kwano a takarda mai ƙyalli, amma babu gidan da bai san yau Kirsimeti ba.

Kyautar wancan lokaci fita take yi daga gida, kuma gangarawa take yi wajen wanda bai kai ka ba. Ta yanzu ciki take komawa, wajen ƴaƴanmu kawai, in kuma ta fita sai ta hau sama. Kwandon nan mai lemuna da biskit da ake ɗaure wa da kirtani ja, gidan wa ake kai shi? Gidan shugaban ma'aikata, gidan wanda ake neman sa hannunsa a watan gobe. Mai gadin da ke buɗe ƙofar a shigar da kwandon, shi ko sannu. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabin irin wannan ba kyauta ba ce, toshi ne.

Bari in ba ku abin da na gani da idona a wata makaranta a garin nan, ba zan kama suna ba. An aiko wa iyaye takarda cewa kowa ya sayo wa ɗansa kado, wato kyauta, ya naɗe, ya rubuta suna, ya kawo a ɓoye. Ran biki aka sa wa wani malami jar riga da gemun auduga, yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya karɓi keke, ana tafi. Wata ta karɓi kwalin da ya kusa kai tsayinta. Wani ya karɓi ɗan ƙullin alewa. A bencin baya kuwa akwai yaran da har aka gama ba a kira su ba. Ɗaya daga cikinsu, ƴar ƙarama da kitson da aka yi mata sabo don ranar, ta ja zanen uwarta ta ce, "Inna, ni ban yi hankali ba ne?" Domin an gaya musu Papa Nowel masu hankali yake ba. Uwar ta rasa bakin magana. Ku gwada wannan da Nikolas da ke jefa zinariya da dare don kada talaka ya ji kunya. Da sunansa muka tara jama'a da lasifika muka nuna wa yara wanda ubansa ke da shi da wanda ubansa ba shi da shi.

Mu masu karanta Linjila ya kamata abin ya fi damunmu. A Luka sura 2, da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, hadayar da aka ambata kurciyoyi biyu ce ko ƴan tantabaru biyu. Ku koma Littafin Firistoci sura 12, za ku tarar wannan ita ce hadayar matar da ba ta da halin ɗan rago. Gidan talakawa ne. Masanan nan na gabas da suka zo da zinariya da lubban da mur, irin wannan gida suka kai wa, suka juya ba su jira a rama musu ba. Da ƴar bencin baya tana zamanin, gidansu ne ya fi kama da gidan da aka kai wa zinariyar.

Sai kuma bashi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata, wato sefa dubu 42. Mutum ya ci bashi ya sayi motar roba da za ta karye kafin sabuwar shekara, Janairu ya kama ga kuɗin lakwal, wato makaranta, ga haya, ga mai kanti na sallama a ƙofa. Na san matan da ke kwashe kuɗin adashensu kaf a kan wannan mako guda, don kada a ce ƴaƴan wance sun fi nasu. Ƴan'uwana Musulmi, kun san wannan ciwo, shi ne dai na ragon layya da kayan Sallah. Bahaushe ya ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Wani masanin tattalin arziki a Amurka, Joel Waldfogel, ya yi bincike a 1993. Ya tambayi ɗalibai nawa za su yarda su biya da kansu a kan kyaututtukan da aka ba su, sai ya tarar tsakanin kashi ɗaya cikin goma zuwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka kashe a banza ya tafi, don an saya wa mutane abin da ba su so. Na yarda da shi a kan kayan kwali. Amma lissafinsa ba zai iya auna kwano ba. Shinkafar da mahaifiyata ke aika wa gidan liman, ai suna da abincinsu. Abin da ke cikin kwanon shi ne: mun san da ku, kuna cikin murnarmu. Wani maƙwabcina malami ya sha karanta mini hadisin da ke cewa ku riƙa yi wa juna kyauta, za ku so juna. Mu ma namu littafin ya ce bayarwa ta fi karɓa albarka.

Kuma mun ga amfanin wannan a ranar da ba ma son tunawa. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da nan Yamai, an samu Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Mutum ba ya kasada da ransa a kan baƙon da bai sani ba sai in Allah ya yi shi na daban, amma yana yi a kan gidan da ƴaƴansu ke durƙusa masa a zaure kowace shekara. Yaranmu na yanzu da yawa ba su san sunan mai gidan da ke jikin katangarsu ba. In muka bar kwano ya mutu, wa zai san wa?

Don haka roƙona ga zumuntar mata shi ne, bikin yaran majami'a na bana kada kowa ya kawo wa ɗansa nasa. A haɗa kuɗi wuri guda, mai jika ya ba da jika, mai dala ashirin ya ba da dala ashirin, a sayi abu iri ɗaya a ba kowane yaro, har da waɗanda suka biyo abokansu daga unguwa. Wanda ke son saya wa ɗansa keke, Allah ya ƙara buɗi, ya ba shi a cikin gida. Iyayen da ke cikin kwamitin makarantu, ku kai wannan magana can, ku ce ko a ba kowa ko a bari. Ran 25 ga wata kuma, a dafa gwargwadon hali, a zuba a kwano, a ɗora wa yara su kai da ƙafarsu, kada a ba mai kabu-kabu. Ku koya musu sallama da durƙuso kafin su fita, ku gaya musu sunan mai gidan da za su gaisar.

Baba Fasto, na ga lokacin sallar Magariba ya gabato kuma baƙinmu za su so su tashi, saboda haka in akwai tambaya a fara ba su dama tukuna.