Dokin da ba a taɓa hawa ba, ga yadda ake koya mai linzami a Yamai

Salamu alaikum jama'a, yau dai na fito da sassafe tun kafin ranar Yamai ta fara duka, dan wallahi in ƙarfe goma ta yi ba mai iya tsayuwa a filin nan. Ku duba bayana, kun ga wancan dattijon? Mutumin Tawa ne, Ba'adare, Baba muke ce mai, kuma dokin nan da yake bi a baya shekararshi uku, ba a taɓa ɗora mai mutum ba.

To ku lura da igiyoyin, guda biyu ne dogaye, kowace ta kai mita takwas, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, sun taso daga bakin dokin sun ratsa ta cikin likkafa sun zo hannun Baba. Likkafun ma an ɗaure su ta ƙarƙashin ciki dan kar su riƙa dukanshi ya firgita. Shi Baba yana ƙasa, ya ba da tazara yadda ko dokin ya yi harbi ba zai same shi ba. In ya ɗan ja ta dama dokin ya juya, da ya juya sai ya saki nan take, sakin nan shi ne duk karatun, da shi doki ke gane ya yi daidai.

Mu a Katsina abin da na tashi na gani, a zura ma ɗan doki linzamin nan mai zobe, ƙato ya haye, ya yi tutsu a fizge shi har baki ya yi jini. Abin yana min ciwo har yanzu, na sha ganin doki mai kyau an kashe mai baki tun yana ƙarami. Alhali ko a Biyana ta ƙasar Ostiriya, fararen dawakin nan nasu da wannan doguwar igiyar ake nuna su, mutum na tafe a baya.

Ɗazu na karɓa na gwada, sai na naɗe igiyar a hannu, Baba ya daka min tsawa, "kai ɗana kwance ta maza, in ya zabura da kai zai tafi!" Ga tafin hannuna nan kun ga inda ta goge ni, gobe da safar hannu zan zo.

Bari in matsa kusa ku ji yadda yake mai magana a hankali, yanzu zai koya mai tsayawa.