"Da sauƙi" da na ce wa likita, da ƙarar da nake ɗaukakawa yau

Assalamu alaikum jama'a. Ga ni zaune a mota nan garin Houston, da wannan ambulan a cinyata. Idan kun lura, duk sanda zan waiga sai na juya har da kafaɗa. Wuyan ne. Shekara takwas na yi a sojan ƙasa na Amurka, hular kwano a kai, sulke a jiki, jaka a baya, har amosanin ƙashi ya kama gaɓoɓin wuyana.

Da na nemi kuɗin nakasa a VA, wato ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, sun yarda ciwon daga aikin soja ya samo asali, aka ƙiyasta nakasata a kan kashi 10 cikin 100. Na daɗe ina juya takardar kafin na gano inda gizo ke saƙa.

Ranar gwaji, likitar ta ɗauko wani ma'auni kamar rula biyu a haɗe, ta kara shi a gefen kaina, ta ce in sunkuya. Ciwo ya soke ni tun da wuri, amma na cije na ci gaba, don haka aka raine mu, namiji ba ya raki. Ta tambaye ni jiki, na ce da sauƙi. Abin da ta gani, da abin da na faɗa, shi ta rubuta. Ashe lissafin na digiri ne. Lafiyayyen wuya yana sunkuyawa har digiri 45. Wanda nasa ya wuce 30 bai haura 40 ba, kashi 10 ne. Sama da 15 zuwa 30, kashi 20. Idan 15 ne ko ƙasa, kashi 30. Ni kuwa ranar da ciwon ya motsa, ko sallamar sallah da ƙirji nake juyawa, kuma ban gaya mata ba. Alhali tun 2017, a shari'ar Sharp da Shulkin, kotun tsofaffin sojoji ta ce a riƙa tambayar mutum yadda yake a irin waɗannan ranakun, a ƙiyasta motsin da yake rasawa.

Tun Fabrairun 2019 hanya uku ce ga wanda bai gamsu da hukunci ba. Kana iya neman babban jami'i ya sake duba fayil ɗin, sai dai can ba a karɓar sabuwar shaida. Kana iya kai wa alƙalan hukumar ɗaukaka ƙara ta Washington, wadda ta fi ɗaukar lokaci. Ni na zaɓi ta ukun, wato sake shigar da buƙata tare da sabuwar shaida ta fam mai lamba 20-0995, domin ina da sabon abin nunawa: hoton MRI, ɗan littafin da nake rubuta ranakun da wuyan ya sanƙare, da bayanin maiɗakina, wadda ita ce ke tashi tsakar dare ta gasa mini tawul. Na kuma ambaci sanyin da yatsuna biyu na hannun dama ke yi, don matsalar jijiya da ke sauka hannu daban ake lissafa ta.

Ɗan'uwa, ka kula da kwanan watan da ke kan wasiƙar hukuncinka. Shekara ɗaya gare ka. Idan ka shigar a cikinta kuma ka yi nasara, tun daga ranar da ka fara neman kuɗin za a lissafa maka. Kuma ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW suna taimakawa kyauta, wakilinsu ne ma ya duba mini takardun nan jiya.

To, bari in shiga gidan waya kafin su tashi.