An sani, tun 1924 an sani

Jama'a masu sauraro, a makon nan muna cikin muhawara kan gurɓacewar muhalli, wani bawan Allah ya ce wai kada a ɗora wa masu ƙere-ƙeren ƙarni na 20 laifi, domin a lokacin ilimi bai kai ba, ba su san illar abin da suke yi ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai. To, a zo mu duba tarihin dalmar da aka zuba a man fetur.

A 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa in aka ɗiga wani sinadarin dalma a fetur, inji zai daina ƙwanƙwasa. A 1923 aka fara sayar da man. Dalma kuwa guba ce da aka sani tun zamanin Rumawa. Shi kansa Midgley a shekarar sai da ya ajiye aiki ya tafi jinya, saboda ta shiga jikinsa. Ke nan ya sani.

A watan Oktoban 1924, a matatar Bayway da ke jihar New Jersey, inda ake haɗa sinadarin, ma'aikata suka fara zabura, suna ihu, suna ganin abin da babu shi. Biyar suka mutu, aka kwantar da gommai a asibiti. Sai aka tara 'yan jarida, Midgley ya tsiyaya sinadarin a hannunsa, ya shaƙi tururinsa na minti ɗaya, ya ce lafiya lau. Sunan da masu sayar da shi suka laƙaba wa man ma, Ethyl, babu dalma a cikinsa. Don Allah, wanda bai sani ba me zai ɓoye?

Masu kare su za su ce babu wata hanya a lokacin. Akwai. Sinadarin ethanol da ake tatsa daga masara da rake yana hana ƙwanƙwasar, kuma Midgley ya gwada shi. Aibinsa ɗaya a wurinsu: kowa na iya yin sa, babu mai mallake shi ya ci riba shi kaɗai.

A 1925 likita Alice Hamilton ta Jami'ar Harvard ta ja kunnen hukumomi, aka yi biris da ita. A 1965 masani Clair Patterson ya nuna cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta mutanen dā nesa ba kusa ba, sai masu harkar mai suka janye kuɗin bincikensa. An sani, an sake sani, aka ci gaba da sayarwa.

Mu nan ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ta hanyar niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida. Irin wannan gubar ce ta riƙa fita ta salansar mota, a daidai tsayin hancin yaro mai tsallaka titi.

Amurka ta haramta man a motoci a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sai farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021, shekara 97 bayan binne ma'aikatan Bayway.