Dogon hutu ya zo, me ka rubuta a takardarka?

An gabatar da wannan lacca ga ɗaliban manyan makarantun Zariya ana saura mako guda a tafi dogon hutu. Mai jawabin malamar tarihi ce. Daga rikodi aka rubuto ta, an rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugabannin wannan zama, malamai 'yan'uwana, da ku ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma, barkanku da gama jarrabawa. Ina ganin idanun wasunku har yanzu jajur saboda karatun dare. Sannunku da ƙoƙari, Allah Ya ba da sakamako mai kyau.

An ce in yi magana a kan rayuwar ɗalibi da yadda zai ci hutunsa. Da rayuwar zan fara, domin sai an san irin gajiyar da mutum ya kwaso kafin a san hutun da ya kamace shi.

A makarantar da na yi digirina na farko, da bokiti ranata take farawa. Kafin assalatu mun jera bokitai a gindin famfo, kowa ta san nata. Wannan an ɗaura masa tsumma a mariƙi, wancan an rubuta masa suna da jan farce. Ki yi sallah, ki yi wanka da rabin ruwan, sauran ki tura ƙarƙashin gado domin girki da alwala. Laccar ƙarfe takwas ce, amma bakwai ta yi miki a aji, don wanda ya makara a bakin taga zai tsaya yana rubutu a kan cinya. Abinci kuwa da lissafi ake cin sa. Kun san ɗaya-sifili-ɗaya, wato a ci da safe da dare a tsallake rana, kun san sifili-ɗaya-sifili idan wata ya yi nisa, ranar da garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli suke zama abincin rana, mai shayi kuma ya buɗe maka shafi a littafin bashinsa. A ɗakinmu mu huɗu ne, risho ɗaya, tukunya ɗaya. Ɗaya daga cikinmu Kirista ce daga kudancin ƙasar nan, kuma duk watan azumi ita take tashinmu sahur, don ta fi mu saurin farkawa. Yau sama da shekara ashirin ke nan, ba mu daina zumunci ba.

Duk wannan rayuwar wani ne ya tsara maka ita. Jadawalin lacca ya ce ka zo, ka zo. An kafe ranar jarrabawa, ka duƙufa. Har famfo ma shi yake yanka maka lokacin tashi. Sai a wayi gari a ce an ba da hutu, a miƙa maka linzamin a hannunka, makonni shida ko takwas babu mai kaɗa maka ƙararrawa. A nan nake ganin ɗalibai masu ƙwazo suna sakin jiki. Barci har azahar, waya har tsakar dare, sai ka ji an ce jibi ake komawa, ka rasa inda kwanakin suka shiga.

Ɗaliban Amurka suna da wata al'ada, na san kuna ganinta a Instagram da TikTok. Yawancin jami'o'insu suna rufewa a watan Mayu, su buɗe wajen ƙarshen Agusta, kuma kafin a tashi ɗalibi yakan zauna ya rubuta jerin abubuwan da yake so ya yi kafin hutun ya ƙare: ya je bakin teku, ya hau dutse kaza, ya kwana a daji cikin tanti, ya karanta littafi goma. Wanda ya yi, ya soke shi da biro. Rubutawar nan ta burge ni, domin abin da ka rubuta yana bin ka bashi. Amma abin da ke cikin jerin nasu ne, an ɗinka shi daidai da aljihunsu da yanayinsu. Lokacin da suke shan hantsi a bakin ruwa, mu muna tsakiyar damina. Kuɗin mota kuma kun ga yadda ya koma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ga hanyoyin da iyaye ba sa yarda ɗansu ya bi. Sai ɗalibinmu ya kalli na wancan, ya kalli aljihunsa, ya ce wannan ba nasa ba ne, ya ja bargo. To ni yau na zo in ce ku ɗauki takarda ku rubuta naku, ku kuma fara shi daga ƙofar gida.

Bari in tambaye ku. Su wa suka taɓa shiga Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, kusa da fada? Ku ɗaga hannu. Kun gani, ba ku cika goma ba, alhali wasunku shekara huɗu ke nan a Samaru ko Kongo. Babban Gwani Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Daga waje ginin siminti za ka gani, don daga baya an kewaye tsohon da sabo. Sai ka shiga ka ɗaga kai. Ga ginshiƙai na ƙasa masu kauri da zane a jikinsu, ga bakan gizo ya taso daga nan ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, an ɗora azara bisa azara, babu ƙarfe ko guda. Waje ana zafi, ciki sanyi kamar bakin randa. Masana gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun auna shi, sun yi rubuce-rubuce a kansa. Kai da kake karanta zanen gine-gine ko injiniya, kana haddace sunayen ginin Italiya, wannan yana nan bai kai tafiyar awa guda daga ɗakinka ba. In ka fito ka biya Wusasa ka ga cocin da aka gina da ƙasa a 1929 bisa salon ginin Hausa, ga Dutsen Kufena nan kusa in ƙafarka na da ƙwari.

'Yan Kano, ku je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Kada ku tsaya ɗaukar hoto ku wuce. Ku gaida marinin, ku nemi wuri ku tsuguna. Zai gaya muku yadda ake haɗa baba da toka da katsi a bar su su tsumu. Ku zuba ido lokacin da yake tsoma ƙyalle ya ɗago. Da farko kore-kore yake fitowa, yana shan iska kana kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi, a sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya yi baƙi ƙirin. Ɗalibin kimiyyar sinadarai ya san sunan abin da iska take yi wa baban nan, ya rubuta shi a jarrabawa, amma wataƙila bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Daga nan ku bi ƙarar bugu ku iske mabuga suna fito da ƙyallin tufa. Irin wannan tufafin ne Bature Barth ya tarar ana fatauci da shi har ƙetaren Sahara da ya zo Kano a 1851. 'Yan Katsina ga Gobarau, 'yan Daura ga Kusugu, 'yan Sakkwato ga Hubbare, ƙannenmu na Nijar ga fadar Damagaram. Mai hali da ke sha'awar Yankari ya sani cewa da damina ciyawa takan rufe daji, dabbobi su watse don ko'ina akwai ruwa. Da rani aka fi ganinsu, sai dai in wanka a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin, ne ya kai ka.

Abu na biyu ya fi kome tsaya mini a rai, kuma ko sisi ba ya ci. Hutuna na aji biyu na ari rikoda mai kaset na tafi ƙauye wajen kakata. Ana marka, ba fita, muna zaune a ɗaki tana kaɗi. Na ce, "Inna, faɗa mini sunan kowane abu da kike taɓawa." Ta yi dariya ta ce boko bai koya mini ba? Sai ta fara. Ga magurji da ake fitar da gurya, ga bakan shiɓa da ake buɗa audugar, ga taskira, ga mazari, ga allin da take shafawa a yatsu don kada zare ya zame. Ta nuna mini bambancin abawa da zare siriri. Daga kaɗi ta gangara zuwa labarin shekarar da aka yi yunwa, abin da suka ci, wa ya tafi cin rani bai dawo ba, da yadda aka kawo ta gidan tana yarinya a kan doki. Kaset biyu muka cika. Damina ba ta sake zagayowa ba Allah Ya karɓi abinSa. Yau a duk danginmu muryarta a wajena kaɗai take, kuma 'ya'yana da ba su san ta ba sun ji dariyarta. Ku kowa yana da rikoda a aljihunsa, wadda ta fi tawa nesa ba kusa ba. Ku nemi izinin tsohon, ku zauna ƙasa, ku yi tambaya guda, ku yi shiru. Kada ku katse shi don ya kauce hanya, sau da yawa a kaucewar nan abin yake.

Sai gona da sana'a. Wanda mahaifinsa ke noma, an gama firi, ga maimai ga zuba taki suna jira. Ka ba shi ko da mako biyu, kuɗin makarantar da aka biya maka daga kunyar nan ya fito, in gero ya nuna kuma ka ci tumu da haƙƙinka. Sauran ku ku zaɓi sana'a guda ɗaya, ɗinki ko gyaran waya ko haɗa sola ko aikin kwamfuta, ku je wajen mai ita a matsayin yaran shago, ku ajiye girman jami'a a bakin ƙofa. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka dawo na ga ɗalibaina kashi biyu: waɗanda suka yi ta jiran sanarwa, da waɗanda suka dawo da abin yi a hannu. Har yau wata daga cikinsu ce take ɗinka mini kaya.

Kada jerin ya wuce abu biyar, kuma kowanne a sa masa rana. Makon farko ku yi barcinku, kun cancanta. Duk inda za ku je da sanin iyaye da yardarsu, ƙannena mata ku tafi tare da yayye ko ƙanne, ban da tafiyar dare. Ban da wanka a kududdufi ko rafi da ya kawo, kowace damina sai mun ji an yi rashi a irin wannan. A kwana cikin gidan sauro.

Masallacin nan kuwa ba sai an jira hutu ba. Ranar Asabar ɗin nan zan je, duk mai so mu haɗu a bakin ƙofar wannan zaure ƙarfe tara na safe. Kowa ya riƙo kuɗin motarsa da littafin rubutu, a yi shiga ta mutunci, kuma za mu fara gaida masu kula da wurin kafin kowa ya ciro waya. Na gode. Wassalamu alaikum warahmatullah.