Aku Ya Canza Gida: Kwantar Masa da Hankali da Horon Ƙyas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Auta, ɗan ja baya da wayar nan, kana matsowa yana hura gashi. Yauwa, tsaya nan jikin turken.

To ga shi. Aku ne mai ruwan toka da jan wutsiya, wanda yara ke ce wa aku-kuturu. Na gwaggona ne da ke birni, ƙafa ta matsa mata, ta ce hidimarsa ta fi ƙarfinta, aka kawo mini shi ƙauye. Ku dubi idonsa, ya yi ruwan ɗorawa fayau, wato ya girma. Na ƙarami baƙi-baƙi ne. Irin wannan yakan yi shekara 40 zuwa sama a hannun mutum, shi ya sa za ka ga aku ɗaya ya zauna gida biyu ko uku. Kuma ba tsuntsun yankinmu ba ne, na kurmi ne, can wajen Kamaru da Kwango da kudancin Najeriya. Tun farkon 2017 yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe, don sun yi ƙaranci. Saboda haka ni ban ce kowa ya je ya sayo wanda aka kamo ba. Da wanda aku ya riga ya zo hannunsa nake. Mai tsirya ma ya saurara, duk hanya ɗaya ce.

Keji kun san shi, ba sai na tsaya a kai ba. Wurin ajiyewa dai: bayansa ya jingina da bango, tsayinsa daidai ƙirjinka, a inuwa, nesa da madafi. Hayaƙin itace, gawayi, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, duk huhun tsuntsu ba ya ɗauka. Sannan ka raba shi da kaji da tantabaru, a ƙalla wata guda. Ciwon nan da ke share kaji da hunturu yana kama aku, shi ma kuma yana iya zuwa da nasa, har wanda ke kama mutum, don haka a riƙa wanke hannu bayan share kashinsa. Da dare a rufa masa zane, yana son barcin awa 10 zuwa 12. A lura da mage da gafiya.

Babbar matsalar ƙauye ita ce 'yan kallo. Da an ji an kawo aku, yara sun cika tsakar gida, wannan ya ce "ce sannu," wancan ya zura kara. Har manya. Wallahi sai da na sa aka riƙa tura ƙofar zaure. Tsuntsun ya rabu da muryar da ya sani da ɗakin da ya sani, ga jaki na kuka, ga injin niƙa. Idan ka ji yana wani gurnani daga maƙogwaro, tsoro ne, ja da baya. Ka zauna gefe kana harkarka, kana tsinkar zogale ko sauraron rediyo, kada ka ƙura masa ido. Abinci kuma ka tambayi inda ya fito me ya saba ci, ka ci gaba da shi tukuna. Canji daga baya ne, a hankali.

Yaushe za a fara horo? Ni ba na ƙirga kwana. Wani mako ɗaya ya sake, wani sai ya haura wata. Abin da nake dubawa shi ne ya ci abinci a gabana, ya yi gyaran gashi ina zaune, ya tsaya da ƙafa ɗaya, sannan ya karɓi abu daga yatsuna ta tsakanin waya. Kafin nan, ajiye kilika a aljihu.

Ga kilikar. 'Yar roba ce da ƙarfe a ciki, ka danna ta ce ƙyas, ƙarar ce ke gaya wa aku ya yi daidai, lada na tafe. Wata Ba'amurkiya mai suna Karen Pryor, wadda ta yi aikin horar da dabbobin teku, tana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar, yanzu har kare da doki ana yi musu. Wanda ba shi da ita, biro mai dannawa ya isa. Wasu da harshe suke yi, amma ni ban so, don aku zai kwaikwaya ya riƙa yi wa kansa ƙyas yana jiran ka biya. Ita ma kilikar yana kwaikwayonta, amma na baki ya fi saurin ɗauka a ganina.

Lada kuma, Auta miƙo ƙoƙon. A'a, ba na dabinon ba, ɗayan. Gyaɗa ce na ɓare na farfasa, kowane ƙwaya gida huɗu. Ƙanana, don ya haɗiye nan take a ci gaba. Ku zaɓi mai kyau, wadda ta yi hunhuna ko ta yi ɗaci a zubar, gubarta hanta take ci. Kuma abin da za ka yi lada da shi ka cire shi daga abincinsa na kullum, in ba haka ba me zai sa ya wahala? Ba a ba shi fiya, ba a ba shi cakulan, shayi, albasa ko abu mai gishiri. Goro ma haka. Na san tsofaffi na son gutsura masa, a bari.

Matakin farko ba ka neman komai a wurinsa. Ƙyas, ka ba shi. Ƙyas, ka ba shi. Kamar sau goma zuwa sha biyar. Ku gani... ƙyas. Ungo. Ya ɗan zabura, bari in sa hannun a aljihu ƙarar ta ragu. Yauwa.

To a nan nake so ku buɗe kunne, don nan ne aikin ke lalacewa. Hannun da ke riƙe da gyaɗa ba ya motsi sai bayan ƙarar ta fita. Ƙyas tukuna, sannan hannu ya tashi. Ba tare ba. Idan hannunka ya riga ƙarar, idon aku na kan hannun, ƙarar ta zama hayaniyar banza, bai ma ji ta ba. Ni bayan cinyata nake ɓoye hannun. Ku duba: hannu a ɓoye, ƙyas, sannan na fito da shi. Tsakani bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Sake gani. A ɓoye. Ƙyas. Fito. Kuma ƙyas ɗin nan bashi ne, da ka danna ya hau kanka. Ko yatsanka ne ya zame ka danna ba da niyya ba, biya shi. Kada ka danna don ka kira shi, kada ka danna don ya yi shiru, kada ka bar yara su mai da ita abin wasa a kusa da shi. Idan ka danna ka ga ya waigo yana neman hannunka, ya gane.

Sai tsinke. Sillen kara ne wannan, na fere bakinsa ya yi laushi. Kada ka tunkaro shi da shi daga sama, daga gefe, ɗan nesa da bakinsa kamar faɗin yatsu uku. Aku da son taɓa abu, zai miƙo baki. Daidai lokacin da baki ya taɓa, a nan ake dannawa. Ba bayan ya taɓa ya janye ba, don abin da yake yi a lokacin da ƙarar ta fita shi zai ɗauka ka saya. Ka makara, ka koya masa janyewa. Ka bari ya cafke ya fara tauna, ka koya masa cin kara. Bari mu gani... zo mana, malam. Ƙyas! Kun gani? Na janye tsinken, na ba shi. In yana tsoron tsinken, ko kallonsa ya yi danna masa, gobe ya ɗan karkato, jibi ya taɓa.

Daga nan sai ka riƙa matsar da shi, dama, hagu, sama, har ya yi taku biyu uku ya bi. Duk wannan yana cikin keji, ƙofa a rufe. Hawa hannu da shi ake koyarwa: ka sa hannunka kusa da sandar da yake tsaye, tsinke a ƙetare, dole sai ya tako ka kafin ya kai. Ƙafa ɗaya ma a biya shi. Mai tsoron cizo ya fara da guntun icce. In ya cije ka kada ka yi ihu, kada ka doke shi, janye kawai. Kafin cizo yakan yi gargaɗi, gashin wuya ya tashi, ƙwayar ido ta riƙa tsukewa tana buɗewa.

Keji kuwa, a haɗa shi da waya mai kauri wadda ba ta tsatsa, ba irin ta kaji ba da yake datsewa da baki.   

Ina muka tsaya? Lokaci. Minti uku zuwa biyar ya isa, sau biyu a rana. Ni na fi son da sassafe kafin a zuba masa abinci, da kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Amma ba a hana shi abinci don a horar da shi. Da zafin bazara tsakar rana ba a yi, a fesa masa ruwa a ƙyale shi. Ga shi ma kun gani, na miƙa tsinke ya juya mini baya yana goge baki a jikin sanda. Ya ƙoshi ke nan, ba a matsa masa. Auta, ɗebo masa gwandar nan da ɗanyar masara, ka canza ruwan. Darasi na gaba za mu buɗe ƙofar kejin, amma a cikin ɗaki, taga a rufe, fanka a kashe.